Littafin Awon Auta

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Nauyi kilo 8.4. Tsawo santimita 76 da rabi. Kaurin damtse santimita 12.1, wato cikin ruwan ɗorawa a tef ɗin awon tamowa mai launi uku: ja, ruwan ɗorawa da kore. Watansa 17.

Shekaranjiya Alhamis na kai Auta awo. Sista ta ɗora shi a sikeli, ta dubi katinsa, ta sauke shi, ta sake ɗorawa. A watan Agusta da ya cika shekara guda, kilo 8.2 ne. Wata biyar cur, gram 200 kawai ya ƙara. Layin da ake ja a kati, wanda ya kamata ya riƙa hawa, ya kwanta. Ta tura mu wurin likitan yara, shi kuma ya haɗa mu da mai ba da shawarar abinci, ita ce ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta komai. Ga shi na fara.

Asalin abin tun yana wata goma ne. Inna, mahaifiyar maigidana, ta ɗanɗana masa fura da nono a bakin ludayi. Kafin ta ɗauraye ludayin borin jini ya feso masa a wuya da ciki, leɓensa na sama ya kumbura, ya yi ta kwara amai. Bayan mako uku na ba shi dafaffen ƙwai, aka maimaita. Likitan da ya gan shi a lokacin ya ce jikinsa ba ya karɓar furotin ɗin da ke cikin nonon shanu da ƙwai, a daina ba shi su. Abu biyu ya ce. Sauran ni na ƙara da hannuna. Auta yana da kirci a bayan gwiwa da gwiwar hannu, duk ranar da ya kwana yana susa sai in tuna abin da ya ci jiya in soke shi. Haka na soke gyaɗa, na soke wake, na soke waken suya, na soke kifi. Ni kaina na daina shan nono da madara don kada su bi ta mama. Ya rage daga koko sai tuwo da miyar kuka, sai shinkafa da mai, sai dankali.

Mai ba da shawarar ta saurare ni har na kai aya, sannan ta ce, "Maman Auta, duk abin da aka cire a kwanon yaro rami yake bari. Ramuka shida kika haƙa. Da me kika cike su?" Ban da amsa. Na fito na zauna a kan benci na yi kuka, domin a zatona kare shi nake yi.

Lahadi, 19 ga Janairu

Kwana uku na rubuta duk abin da ya shiga bakinsa, na kai mata. Ta zana mini gidaje takwas a takarda, irin rabon da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suke yi wa abincin yara 'yan ƙasa da shekara biyu: nonon uwa, hatsi da su dankali, wake da gyaɗa da danginsu, nonon dabba da madara, nama da kifi, ƙwai, ganye da 'ya'yan itace masu bitamin A irin su kabewa, karas, mangwaro da zogale, sai sauran ganye da 'ya'yan itace. Ana son yaro ya taɓa aƙalla gida biyar kullum. Auta uku yake taɓawa, wata rana huɗu idan an sami romon nama. Gida biyu an rufe masa su bisa lalura, wannan ba yadda za a yi. Amma shida suna nan, ni na kulle ɗaya da rabi daga ciki ba bisa ƙa'ida ba.

Abu na biyu da ta kama ni da shi shi ne kaurin koko. Ta sa na dama a gabanta yadda nake yi a gida, ta ɗebo a cokali ta karkata, ya zube kamar ruwa. Cikin yaro irinsa bai wuce kofi guda ba a zama ɗaya, kimanin mililita 250. Idan aka cika shi da tsararon koko ya ƙoshi ke nan, alhali ruwa ya sha. Ana son kunun da zai manne a cokali, sai an girgiza ya sauka. Yaron da ke tsakanin wata 12 da 23 yana shan mama yana buƙatar kalori wajen 550 a rana daga abinci, a ci uku ko huɗu, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani.

Matsalar ita ce Auta ba ya haɗiye kunu mai kauri, turo shi yake da harshe. Dabarar da ta koya mini ta tsofaffi ce, Inna ma ta san ta: a jiƙa gero kwana ɗaya, a shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu a rufe har ya tsira, a shanya, a niƙa. Idan aka dama kunu mai kauri aka sauke, sai a barbaɗa ƙaramin cokali ɗaya na garin tsiron a juya. Na tsaya ina kallo da idona, cikin 'yan mintuna kunun da muciya ke tsayawa a ciki ya saki ya yi laushi, ba tare da an ƙara ko ɗigon ruwa ba. Sinadarin da ke cikin tsiron ne yake narkar da sitaci. Sai a mayar wuta ya ɗan tafasa, a zuba ƙaramin cokali na manja ko man suya. Ya shanye rabin kofi yau, ya lashe cokali.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Kilo 8.6. Damtse 12.2.

Likita ya ce wake da kifi da waken suya in dawo da su a gida, tunda bai taɓa yin borin jini ko kumburi bayan cin su ba. Ɗaya bayan ɗaya, da safe, kaɗan, a bar kwana uku tsakani. Na fara da alale da aka yi ba ƙwai. Lafiya lau. Sai tarwaɗa da Babansu ya sayo a Kwalkwalawa, na cire ƙaya na marmasa a miya. Lafiya lau. Sai awara. Kircin yana nan yadda yake, bai ƙaru ba bai ragu ba, abin da ya kwantar da shi shi ne man shafawa mai kauri sau uku a rana da rage sabulu. Ashe bushewar hunturu ce take tayar da shi, na ɗora wa wake laifi.

Maƙwabciyata, baiwar Allah mai son mu, ta shigo da leda biyu na abincin tamowa, irin jan nan da ake ba yara a asibiti, ta ce wata ta ba ta, in gwada wa Auta zai murmure cikin mako. Na karɓa na juya bayan ledar. Gyaɗa ce da garin madara da sukari da mai. Ga yaran da tamowa ta kama abin ceton rai ne, tun da aka ƙirƙiro shi a Faransa a 1996 ya tashi yara bila adadin. Ga Auta kuwa madarar da ke ciki za ta iya kai mu asibiti da gudu. Na yi mata bayani, na ce ta mayar wa mai shi, domin an ƙidaya wa wani yaro ne. Dama ana ba da shi ne ga wanda damtsensa ya gaza 11.5, cikin ja, ko wanda ƙafafunsa suka kumbura. Tun daga ranar nake tunanin uwar da ɗanta ya faɗa ja kuma jikinsa ba ya karɓar madara. Dole ta faɗa wa ma'aikata tun a bakin ƙofa, kafin a yaga leda.

An hana ni auna shi kullum. Mako biyu-biyu, sikeli ɗaya, da safe, ba riga ba kunzugu.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Kilo 8.9.

Yau aka gwada gyaɗa, a asibiti, gaban likita, da allura a ajiye kusa. Dalilin da ya sa bai yarda in yi a gida ba shi ne Auta ya yi wata shida bai ci ba, ga kirci. Ya ce yaro mai kirci idan aka janye masa abincin da yake ci lafiya aka daɗe, yana iya dawowa jikinsa ya ƙi shi da gaske. Wato tsoron da na ji zai iya haifar da abin da nake tsoro. Ya ba ni labarin binciken da aka yi a Landan, wanda aka buga a 2015, a kan jarirai 640 masu kirci mai tsanani ko waɗanda ƙwai ba ya karɓarsu. An raba su biyu, wasu ana ba su gyaɗa a kai a kai tun suna jarirai, wasu an hana su. Da suka kai shekara biyar, waɗanda aka riƙa ba wa sun fi tsira nesa ba kusa ba, cutar ta ragu a cikinsu da kusan kashi 80 cikin 100.

Na kai markaɗaɗɗiyar gyaɗa da na soya da kaina. Aka fara da ɗan abin da bai wuce ƙwayar gero biyu ba a bakin cokali, aka jira minti ashirin. Aka ƙara. Aka jira. Ina zaune ina kallon leɓensa da wuyansa, ina jin numfashinsa, hannuna na rawa, shi kuwa yana ta wasa da murfin biro. Muka kai cokali biyu. Muka zauna awa biyu bayan na ƙarshe. Ba komai. Alhamdu lillahi.

Likita ya ce yanzu kada a sake ɗauke masa, ya riƙa ci sau biyu ko uku a mako, niƙaƙƙiya, ba ƙwaya ba don kada ta shaƙe shi. A gidan Bahaushe buɗe ƙofar gyaɗa ba ƙaramin abu ba ne: kunun gyaɗa, ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, miyar taushe, ƙosan da aka toya da man ƙuli, har yajin tsire. Da na shiga na faɗa wa Inna ta ɗaga hannu sama, ta jawo shi ta ce, "Zo nan angona, gobe ni ka dama ma kunun gyaɗa."

Laraba, 12 ga Maris

Kilo 9.1. Damtse 12.4. Azumi ya kama, zafi ya fara buɗe ido.

Na nemi fatawa, an ce mai shayarwa da ke tsoron cutuwar ɗanta tana da sauƙi ta sha ta rama. Ina yin wasu ranaku ina shan wasu. Kuma na koma shan fura da nono, domin likita ya ce tunda Auta ya yi wata goma yana shan mama ina shan nono bai taɓa nuna komai ba, ba dalilin da zai sa in hana kaina. Sai dai in wanke hannu da baki kafin in ɗauke shi.

Mun zauna lissafin kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, wanda shi ne babban ramin da nono ya bari. Ɗan shekara 1 zuwa 3 yana buƙatar miligram 500 a rana a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, a Amurka ma 700 suke cewa. Kofi ɗaya na nonon shanu yana da wajen 300. Yaron da ke shan fura da nono safe da yamma ya gama da wannan babi ba tare da uwarsa ta taɓa jin sunan sinadarin ba. Ni sai na tattara shi kaɗan-kaɗan.

Ba wasa ba ne. A Jos an yi bincike da aka buga a 1999 a kan yara masu lanƙwasar ƙafa da gwame, aka gano ba rana suka rasa ba, rana kam ga ta nan, kalsiyam ne ya yi musu ƙaranci a abinci, wajen miligram 200 kawai suke samu a rana, kuma da aka ba su shi ƙashinsu ya warke fiye da waɗanda aka ba bitamin D shi kaɗai. Tun da na ji haka, idan Auta ya tsaya tsirara bayan wanka sai na dubi ƙafafunsa.

Ga abin da muka tsara. Ƙananan busassun kifi, waɗanda ake ci da ƙashinsu, na sayo a Babbar Kasuwa, na wanke, na sake shanyawa, na ɗan gasa a kasko, na daka har da kai da ƙaya, na tankaɗe da rariya mai laushi sau biyu. Cokali ɗaya a miya ko a fate kullum. Garin kuka da zogale, waɗanda duka suna da shi sosai. Riɗi, wanda na fara da kaɗan kamar sauran don shi ma yana tayar wa wasu yara. Sai tamba, wadda gram 100 nata ke ɗauke da sama da miligram 300. Ƙanwata da ke aure a Jos ta aiko mini da mudu biyu, ina haɗa ta da gero a garin kunu.

Awara ta ba ni mamaki. Na zaci tunda fara ce kamar cuku ta maye gurbin nono. Furotin kam tana da shi. Amma kalsiyam ɗinta ya danganta da abin da aka tsinka ta da shi, kuma tamu ta unguwa da ruwan tsami ko tsamiya ake yi, ba ta kai wadda ake tsinkawa da gishirin kalsiyam ba. Da muka tara duka, ranar da ya ci da kyau muna kusantar adadin, ranar da ya yi ƙyuya ba ma kaiwa rabi. Likita ya rubuta masa na ruwa ya cike giɓin.

Laraba, 2 ga Afrilu

Kilo 9.0.

Na daɗe riƙe da biro kafin in iya rubuta wannan. Ran Lahadi aka yi Sallah. Washegari gidan ya cika da baƙi, yara suna shiga suna fita. Ina madafi na bar shi a tsakar gida da yayarsa. Wata 'yar uwa da ta zo daga ƙauye, ba ta san komai ba, ta gutsura masa tuwon madara. Yayarsa ce ta ƙwalla kira, "Umma, Auta ya ci alewa!" Ko da na fito idonsa ɗaya ya fara rufewa, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu. Ya yi amai. Sai tari, wani irin tari mai ƙara kamar ana goga ƙarfe, muryarsa ta dishe.

Wani ya ce a ba shi manja, wata ta ce Piriton, maganin ƙaiƙayi. Babansu bai tsaya ba, ya saɓe shi muka hau babur. A asibiti na faɗi kalma uku kawai, madara, kumburi, numfashi, suka yi masa allurar adirenalin a cinya. Cikin mintuna na ji numfashin ya sassauta. Muka kwana can.

Abin da likita ya nanata, na rubuta da manyan baƙaƙe na manna a bayan ƙofar ɗaki da jikin firij: borin jini da ƙaiƙayi kaɗai, a ba shi maganin ƙaiƙayi a sa ido. Amma idan aka ga tari, ko dishewar murya, ko numfashi da ƙyar, ko kumburin harshe, ko ya yi laushi ya langaɓe, to maganin ƙaiƙayi ba ya buɗe maƙogwaro, adirenalin ne kawai, a tafi asibiti nan take.

Da muka dawo Inna ta tara gidan, manya da yara. A da ita ce mai cewa, "Wanga yaro yunwa shika ji, mu da hura da nono munka tashi." Ran nan ta tsaya tsakar gida ta ce, "Kowa shi ji ni. Duk wanda zai ba angona wani abu, ko ruwa ne, shi tambayi uwatai." Matar da ta ba shi ta yi ta kuka tana neman gafara. Na rungume ta. Ba ta da laifi, mu ne ba mu faɗa wa baƙi ba.

An ɗage maganar gwada madara zuwa baɗi.

Litinin, 28 ga Afrilu

Kilo 9.3. Damtse 12.7. Tef ya shiga kore.

Zafi ya haura 40, ba ya son abinci da rana tsaka. Na mayar da babban cinsa sassafe da bayan Magariba. Da rana mangwaro da kankana da kunun aya na gida, domin na kasuwa wasu suna zuba madara. Yanzu ba na sayen biskit ko burodi sai na karanta bayan leda ko na tambayi mai gashi. Man shanu ma yana cikin haram ɗinsa, don ba ya rasa ragowar furotin ɗin nono.

Litinin, 9 ga Yuni

Kilo 9.9. Tsawo 80.

Layya ta yi mana rana. Na soya hanta na daka masa, ya ci kamar ba shi ba. Hanta tana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da bitamin B12 da bitamin A, amma an ce sau ɗaya a mako ya isa, bitamin A ɗinta yana da yawa. Na yi dambun nama na ajiye, ina barbaɗa masa a shinkafa.

Baffan Babansu ya zo daga Illela barka da Sallah. Da ya ji labari ya ce a bar wahala, a nemo nonon akuya, in ya ƙi a kawo na raƙumi, shi zai riƙa aikowa duk mako. Na ce, "To Baffa, Allah ya saka, bari in tambayi likita." Na tambaya yau. Na akuya da na tunkiya, ya ce kada a kusanta, furotin ɗinsu kusan ɗaya ne da na saniya, yara tara cikin goma da na saniya ke tayar musu waɗannan ma suna tayar musu. Na raƙumi ya bambanta, akwai wani furotin guda na nonon saniya da babu shi a cikinsa, har akwai yaran da suka sha lafiya. Amma yaron da ya kai ga allura wata biyu da suka wuce ba a yi masa gwaji a tsakar gida, kuma ɗanyen nono kowane iri yana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa zazzaɓi mai daɗewa, sai an tafasa. Babansu ya kira Baffa ya yi masa bayani cikin ladabi.

Mutane da yawa suna haɗa ciwon Auta da na waɗanda madara ke kumbura wa ciki ta sa su gudawa. Wancan sukarin madara ne cikinsu ba ya narkarwa, shi ya sa kindirmo ba ya damunsu sosai. Na Auta garkuwar jiki ce take faɗa da furotin, kuma tsami ko tafasa ba sa kawar da shi. Na gaji da maimaita wannan, amma ina maimaitawa.

Asabar, 19 ga Yuli

Kilo 9.6. Mun koma baya.

Zazzaɓin cizon sauro, sannan gudawa ta biyo. Kwana shida ba ya karɓar komai sai mama da ruwan gishiri da sukari. Gram 300 da ƙari, aikin wata guda, sun tafi a mako ɗaya. Yana shan zinki, maganin da ake ba yara masu gudawa, na kwana goma. An ce in ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har mako biyu bayan ya warke. Masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina sun zo unguwa, an ba shi na wannan wata, zan kiyaye sauran zagayen. Gidan sauron da ya yage na ɗinke.

Na gode Allah da ban yaye shi ba a watan Mayu kamar yadda aka so. Da ban san da me zan riƙe shi a kwanakin nan ba.

Talata, 26 ga Agusta

Ya cika shekara biyu. Kilo 10.3. Tsawo 82 da rabi a tsaye. Damtse 13.4.

Sista ta ce daga yau a tsaye za a riƙa auna shi, kuma awon tsaye yana gaza na kwance da kusan milimita 7, kada in ga kamar ya tsaya. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, matsakaicin namiji ɗan shekara biyu kilo 12.2 ne, layin ƙasa kuma 9.7. A Janairu Auta yana ƙarƙashin layin ƙasa na watanninsa. Yau yana samansa da gram 600. Tsawo ne yake jan ƙafa: matsakaici santimita 87 ne, shi yana ɗan sama da layin ƙasa kaɗan. Mai ba da shawara ta ce haka abin yake, nauyi ke fara dawowa, tsawo ya biyo a hankali, wani lokaci ma ba ya cike duka. Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Watanni biyar ɗin nan da na yi ina soke abinci, a ƙashinsa aka rubuta su.

Yaye ya zo, shekara biyu cikakku. Na koma kan takardar gidaje takwas na sa yatsa na rufe nonon uwa, na rufe madara, na rufe ƙwai. Saura biyar daidai. Ma'ana daga yanzu babu gidan da zan tsallake ko da rana ɗaya: hatsi, wake ko gyaɗa, nama ko kifi, ganye ko kabewa, da wani ɗan itace. A tsadar nan ba abu ne mai sauƙi ba. Garin kifi da waken suya su ne rufin asirina. Ina haɗa garin kunu da kaina: gero da tamba gwangwani shida, soyayyen waken suya uku, gyaɗa ɗaya. Na madarar waken suya kuma ina yi masa sabo kullum da safe, in tafasa sosai, ya sha a kofi a madadin mama. Inna ta ɗauke shi zuwa ɗakinta na kwana huɗu, da kwanonsa da cokalinsa daban, ta hana a shiga mata da ƙwaryar nono.

Talata, 30 ga Satumba

Kilo 10.6.

Gwajin ƙwai, mataki na farko, a asibiti. Ba dafaffe ko soyayye ba, wanda aka gasa cikin fulawa. Zafin tanda mai tsawo yana canza furotin ɗin ƙwai, har yawancin yaran da ƙwai ke tayar musu, wajen bakwai cikin goma, suna iya cin na cikin kek. An ba ni ƙa'ida: ƙwai ɗaya a kwaɓin da zai fitar da ƙananan kek shida, man suya a madadin bota, ruwa a madadin madara, a gasa rabin awa har tsakiyar ta bushe. Na gasa a gidan ƙawata mai tanda, na wanke mata kwanonin da kaina tukuna.

Ya ci ɗan marmashi, ya ci kwata, ya ci rabi. Wani ɗan ja ya fito a gefen bakinsa, zuciyata ta yanke. Likita ya duba, ya saurari ƙirjinsa, ya ce mu jira. Jan ya baje da kansa cikin minti goma sha biyar, bai yaɗu ba. Aka ci gaba. Ya gama guda ɗaya.

Zai riƙa cin irinsa sau biyu ko uku a mako har wata uku. Wainar ƙwai da dafaffe suna nan a rufe.

Talata, 14 ga Oktoba

Kilo 10.8. Tsawo 84. Damtse 13.7.

Santimita ɗaya da rabi cikin mako bakwai. Na sa sista ta sake aunawa, ta ce haka ne. Wandon Sallarsa ya ɗage sama da idon sawu.

Jerin abin da ba ya ci ya sauko daga shida zuwa ɗaya da rabi. An rage awo zuwa wata-wata. Maganin kalsiyam yana nan. Za a duba jininsa a Nuwamba, domin tafin hannunsa bai yi jan da nake so ba. Ƙwai mataki na biyu a Janairu, idan kek ya ci gaba da zama lafiya. Madara a Afrilu, shekara guda bayan abin da ya faru da Sallah, ita ma da gasasshen biskit za a fara, a asibiti. Likita ya ce yawancin yara suna rabuwa da na madara da na ƙwai yayin da suke girma, da yawa kafin su shiga firamare, sai dai masu irin tsananin na Auta sukan ɗan jima.

A layin awo yau na zauna kusa da wata yarinya da goyonta ɗan wata tara, kumatunsa duk kirci. Ta ce ta daina ba shi wake da kifi da gyaɗa, gobe ma za ta cire manja. Na tambaye ta ko ya taɓa kumbura ko amai bayan ya ci, ta ce a'a, susa ce kawai. Na buɗe mata shafin farko na littafin nan ta karanta, na raka ta har ƙofar ofishin mai ba da shawara. Ta karɓi lambata, ta ce ran Asabar za ta zo Mabera in nuna mata yadda ake garin tsiro. Na jiƙa gero tun da na dawo.